Testaccio, unguwar mahauta da masoya Roma: abin da na ci a kasuwarta da abin da na gani

Kwana shida na yi a birnin Roma, kuma gaskiya kwanakin farko duk a cikin turmutsutsu na yi su, duk inda ka je layi, duk inda ka juya mutane ne ɗauke da waya sama suna hoto, abinci kuma tsada ga shi ba wani daɗin kirki, har na fara cewa a raina wai dama wannan ne abincin Italiyan da ake ta kururutawa? Ranar Juma'a da daddare yayana da na sauka a wurinsa, wanda ya daɗe yana aiki a can, ya ce min gobe ka tashi da wuri kar ka karya, zan kai ka inda 'yan gari suke cin abinci. Na ce ina ne, Yaya? Ya ce Testaccio. Su suna furta shi kamar Testacho.

Zuwa wurin ba wuya. Daga babbar tashar Termini ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa layin B wanda ya nufi Laurentina, tasha ta huɗu ka sauka, sunanta Piramide. Tikiti yuro ɗaya da rabi muka saya. Kana fitowa daga tashar za ka ga dalilin sunan, wata farar dala ce irin ta Masar a tsaye a bakin titi motoci na kewaya ta, kabarin wani attajirin Rum ne mai suna Gaius Cestius, ta haura shekara 2000 a wurin. Daga nan ƙafa za ka taka, ka bi titin Via Marmorata ka karya hagu, minti goma ma ya yi yawa.

Abin da ya fara kama ni shi ne shirun. Wallahi kamar an kashe rediyo. Ka baro hayaniyar tsakiyar gari da 'yan mintoci kaɗan amma nan sai ka ga tsofaffi mata suna jan 'yar jakar cefane mai taya, shanya a rataye a tagogin benaye, dattijai a kan benci da jarida, yara na buga ƙwallo a dandalin Piazza Testaccio kusa da wani maɓuɓɓugar ruwa da aka yi wa siffar tuluna. Gidajen dogayen benaye ne masu tsakar gida a ciki, an gina su ne tun ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 don ma'aikata, ba ƙawa ba ado, fentin ma duk ya koɗe a wasu wuraren, amma da ganin unguwar ka san masu ita suna cikinta.

A bakin kasuwa muka haɗu da wani dattijo ɗan Italiya, tsohon abokin aikin Yaya ne da ya yi ritaya, a unguwar aka haife shi. Shi ya zama jagoranmu ranar. Ba ya jin Turanci sosai, ni kuma ba na jin Italiyanci, don haka Yaya ne tafinta, amma mutumin da hannu yake rabin maganarsa, kafin a fassara ma ka gane inda ya dosa.

To kasuwar, wadda ita ce ainihin abin da nake son in yi bayani a kai. Sunanta Mercato di Testaccio. A da a cikin dandalin nan na Piazza Testaccio take, a shekarar 2012 aka dawo da ita wannan sabon ginin da ke tsakanin Via Galvani da Via Beniamino Franklin. Ginin fari ne fat, rufin yana barin hasken rana ya shigo, rumfunan kamar akwatuna a jere kowacce da lambarta, hanyoyin da ke tsakani da faɗi ba a gogar kafaɗa. Tsafta kam ba magana, har ɓangaren masu kifi ba ka jin ƙarnin nan mai hawa kai. Dattijon ya ce shi har yanzu tsohuwar yake kewa, wai wannan ta yi kama da asibiti, na kuma fahimce shi, don mutum da kasuwar da ya tashi a ciki sai Allah. Amma ni baƙo, abin da na gani ya burge ni. Kuma ba kasuwar 'yan yawon buɗe ido zalla ba ce, akwai mai tumatir, mai ganye, mai kifi, mai nama, mai cuku, ga masu takalma da kayan sawa da kayan kicin, a tsakaninsu ne masu dafaffen abinci suke. A wani gefe ma akwai inda za ka leƙa ƙasa ka ga ragowar gine-ginen zamanin Rumawa da aka tono lokacin da ake aikin ginin.

Kafin in faɗi abin da na ci sai na faɗi labarin abincin, don in ba ka san shi ba rabin daɗin ya wuce ka. Tsallaken titi daga kasuwar akwai tsohuwar kwatar birnin, Mattatoio, wadda aka gina wajen 1888 zuwa 1891, ta yi aiki har 1975 kafin a rufe ta. A wancan lokacin naman da Roma ke ci a nan ake yanka shi, kuma mutanen unguwar nan su ne masu yanka da fiɗa da ɗauka da wanki. Idan an yanka sa ana raba shi kashi huɗu, waɗannan su ne na sayarwa ga masu hali. Abin da ya rage, wato kai da ƙafa da wutsiya da tumbi da hanji da huhu da zuciya da harshe, shi suke kira quinto quarto, ma'ana kashi na biyar cikin huɗu, abin da ba a ma lissafa shi. Shi ake haɗa wa ma'aikaci a cikin ladansa ya kai gida. Matan unguwar da masu ƙananan gidajen abinci na kewayen kwatar su suka zauna suka san yadda za su yi da shi, a dafa wutsiya awa da awanni da tumatir da seleri har naman ya saki ƙashi, shi ne coda alla vaccinara, a dafa tumbi da miyar tumatir da na'a-na'a a barbaɗa cukun tumaki, shi ne trippa alla romana, a soya huhu da hanta da zuciyar ɗan rago da albasa, shi ne coratella. Akwai ma pajata, hanjin ɗan maraƙin da bai fara cin ciyawa ba, ana dafa shi da nonon da ke ciki. Wannan an taɓa hana sayar da shi daga 2001 saboda cutar haukan shanu, sai 2015 aka sake bari. Dattijon da yake ba mu wannan labarin har da ɗaga hannu sama, ya ce shekarun nan sun yi musu tsawo.

Abin da ya taɓa zuciyata shi ne yadda yake faɗin haka ba tare da jin kunya ba. Ya ce mahaifinsa a kwatar ya yi aiki, yana dawowa gida da ƙunshin kayan ciki a takarda, jini na ɗiga. Yau manyan mutane na yin bukin ɗin tebur tun sati guda kafin su zo su ci abin da babansa ke kawowa don ba kuɗin tsoka. Ya faɗa yana murmushi amma idonsa ya ɗan kawo ruwa, ni ma sai da na yi shiru.

Yanzu maganar da ta shafe mu mu Musulmi, gara in faɗe ta a fili. Naman da ke kasuwar nan ba yankan Musulmi ba ne, kuma ban ga rumfa mai alamar halal ba a zagayen da na yi. Na san malamai suna da maganganu kan yankan ahlul kitabi, kowa da abin da ya natsu da shi, ni ban zo yin fatawa ba. Ni da Yaya dai mun tsaya kan kifi da ganye da cuku. Amma ko wanda ya natsu da naman sa ɗin, ya sani cewa girkin Roma na son cusa alade da giya a inda ba ka zata ba. Ita wutsiyar nan da ake yabo, yawanci da giya ake dafa ta, wasu su fara da kitsen alade. Taliyar carbonara da amatriciana da gricia duk da guanciale ake yin su, wato kumatun alade. Don haka kalmomi huɗu za ka haddace kafin ka je: guanciale, pancetta wato naman cikin alade, strutto wanda shi ne man alade, da vino wato giya. Maiale kuma shi ne aladen kansa.

Dattijon ya ja mu rumfar da ake kira Mordi e Vai, ma'anar sunan ciza ka wuce. Layi ya riga ya yi tsawo tun kafin sha biyu, kana ciro lamba ka jira a kira ka. Abin da suke yi shi ne su ɗauki girkin gida irin na iyaye mata su zuba a cikin burodi. Na tsaya dab da gilashin ina kallon yadda ake haɗa nasa: aka tsaga burodin biyu, aka tsoma fuskar cikin a romon naman da ke tafasa a gefe, sannan aka ɗebo dafaffen naman sa da ya yi laushi har yana wargajewa da kansa aka shimfiɗa, aka ɗora wani ganye mai ɗan ɗaci da suke kira cicoria, aka naɗe a takarda aka miƙo masa, duka bai fi minti ɗaya ba. Ƙamshin romon nan har yanzu ina jin sa. Ya ƙara da na tumbi, wai ai yau Asabar, kuma a Roma an san Alhamis ranar gnocchi ce, wato ƙananan dunƙulen dankali da fulawa, Juma'a kifi, Asabar tumbi. Yana ci miyar na gangarowa ta gefen hannunsa yana lashewa, bai ce uffan ba sai da ya gama. Ban ɗanɗana ba don haka ba zan ce muku ga daɗinsa ba, amma na ga fuskar mai ci, na kuma ga layin da rabinsa 'yan unguwa ne da kayan aiki a jikinsu.

Ni abin da na fara da shi fiza ce ta yanka, a wata rumfa can ciki. Ba irin mai zagayen nan ba ce, doguwa ce a kan katako, kai za ka nuna da hannu iya inda kake so, a yanka da almakashi a ɗora a sikeli ka biya kuɗin nauyinta. Wannan tsarin ya yi min, don da kuɗi kaɗan sai ka ɗanɗana kala uku. Na karɓi mai dankali da wani ganye mai ƙamshi, da mai tumatir zalla wadda ba ko cuku, da mai furen kabewa da ɗan ƙaramin kifin gishiri. Na tambayi matar ko akwai strutto a ƙullin, ta girgiza kai ta ɗago kwalbar man zaitun ta nuna min. Ƙasan fizar ƙaras-ƙaras, cikinta kuma sakayau kamar iska, ba ta zauna maka a ciki kamar dutse. Mai tumatir ɗin nan da na raina ita ta fi tsaya min a rai, tumatir ne da mai da gishiri kawai amma zaƙin tumatir ɗin kamar an sa sukari.

Daga nan sai soyayyen kifi, baccalà, kifin gishiri ne da ake jiƙawa ya saki gishirin sannan a tsoma a ƙullin fulawa a soya. Da zafinsa aka ba ni a takarda, ɓawon na fashewa a baki, cikin fari tas yana rabuwa falle-falle. Gishirin ya ɗan fi ƙarfin bakina kaɗan, sai da na nemi ruwa, amma zan sake saya. Sai wani abu da ban taɓa ci ba a rayuwata, carciofo, wani kayan lambu ne mai kama da furen da bai buɗe ba, suna dafa shi da man zaitun da tafarnuwa da na'a-na'a har ya yi laushi kamar man shanu. Yaya ya ce na yi sa'a ne na zo lokacinsa, don daga hunturu zuwa bazara ake samun na kirki. In ka je a lokacin kar ka bari ya wuce ka.

Akwai supplì kuma, dunƙulen shinkafa da miyar tumatir da cuku a tsakiya, a soya, in ka raba shi biyu cukun ya yi ta miƙewa kamar zare. A nan a yi hattara, na gargajiyar da miyar nama ake yi. Na tambaya aka nuna min wanda ba nama, shi na ci, ya yi daɗi amma bai kai fizar ba.

Duk abin nan da na lissafa, da ruwa da kofi, abin da na kashe bai kai kuɗin faranti ɗaya na taliyar da na ci kusa da Colosseo, tsohon filin wasan Rumawa, kwana biyu kafin nan ba, kuma wancan ko rabi ban ci ba.

Inda kasuwar ta gaza a wurina guri biyu ne. Na farko wurin zama. 'Yan tebura ne a tsakiya, da ƙarfe ɗaya ta yi duk sun cika, mu a tsaye muka ci rabin abincinmu, ga wanda ya zo da tsoho ko yara abin zai yi masa wuya. Na biyu lokaci, kasuwar safe ce zuwa rana, wajen ƙarfe uku an fara rufewa, ranar Lahadi kuma ba a buɗewa sam. Wanda ya ce bari sai yamma ya je ya ci abincin dare a can zai tarar da ƙofa a rufe. Mafi kyau ka isa wajen sha ɗaya, ka zaga ka ga masu cefane, kafin sha biyu da rabi ka riga ka sayi abincinka.

Da muka fito lokacin azahar ya yi. Babban masallacin Roma, wanda aka buɗe a 1995, yana can arewacin gari nesa da nan, don haka ka zo da shirinka. Mu a ɗaya daga cikin famfunan titin nan da suke kira nasone muka yi alwala, ƙarfe ne baƙi mai lanƙwasasshen baki, ruwan na zuba dare da rana, sanyi ƙalau kuma na sha ne kyauta. Dattijon ya nuna min dabara, ka toshe bakin da yatsa sai ruwan ya yi tsalle ta wata 'yar huda a sama ka sha ba sai ka sunkuya ba. Muka samu gefe a wani lambu muka yi sallah, shi kuma ya koma can nesa kaɗan ya zauna riƙe da jakunkunanmu har muka idar. Ba wanda ya kalle mu sau biyu.

Bayan nan ya kai mu mu ga tudun da unguwar ta samo sunanta, Monte Testaccio. Da farko na ɗauka tudu ne kamar kowane, ciyawa da bishiyoyi a kai. Sai ya ce in matso in duba gefen da ƙasa ta zaizaye. Wallahi tsingaro ne, fasassun tuluna a jere a kan juna kamar an shirya su da hannu, kuma da hannun aka shirya su. Zamanin daular Rum nan ne bakin kogin Tiber inda jiragen ruwa ke sauke kaya, ana kawo man zaitun a manyan tuluna, akasari daga kudancin Sifaniya, wasu daga inda yau ake kira Libiya da Tunisiya. Tulun da ya sha mai ba ya sake amfani don man na shiga cikin yumɓun ya yi ɗoyi, sai a fasa shi a jera a nan a zuba farar ƙasa don kashe wari. Aka yi ta yi shekara da shekaru har ya zama tudu mai tsayin kusan mita 35, masana sun ƙiyasta tuluna wajen miliyan 53 ne a ciki. Ba a barin mutum ya hau haka kawai, a kulle yake sai da izini na musamman, amma ta gindinsa kana gani sarai, wasu gidajen abincin ma a jikin tudun aka haƙa su, bangon ciki tsingaro ne a bayan gilashi. Ka ga unguwar ashe tun fil azal wurin masu ɗaukar kaya ce da masu aikin ƙarfi.

Kwatar ma mun shiga. Yanzu an mai da ita wurin baje kolin zane-zane, wani ɓangaren kuma ɗaliban zanen gine-gine na jami'ar Roma Tre ne ke karatu a ciki, amma ba su cire ƙarafan ba, layin dogon da ake rataye nama a tura da ƙugiyoyin duk suna nan a sama. A saman ƙofar shiga akwai gunkin wani mai fukafukai yana kayar da bijimi. Dattijon ya tsaya a wani lungu ya ce nan babansa yake fitowa da yamma.

Sai ƙwallo. A unguwar nan ba a tambayar mutum wace ƙungiya yake goyon baya. Ja da rawaya ne ko'ina, launin ƙungiyar AS Roma ke nan, a tagogi, a jikin rumfunan kasuwa, a bayan mai yankan nama hoton Totti, tsohon kyaftin ɗin ƙungiyar, ne manne kusa da na iyalinsa, a Via Galvani kuma akwai ƙaton zanen kyarkeci a jikin bene, kyarkeci kuwa shi ne tambarin birnin da na ƙungiyar. An kafa AS Roma a 1927, daga 1929 zuwa 1940 kuma a nan unguwar take wasa, a filin da ake kira Campo Testaccio, wanda wurin zaman 'yan kallonsa na katako ne da aka yi wa fentin ja da rawaya. A nan ne a watan Maris na 1931 Roma ta lallasa Juventus da ci 5 da nema, kuma har gobe in dattijon nan zai faɗi wannan wasan sai ka rantse yana wurin, alhali ko haihuwarsa ba a yi ba, daga bakin babansa ya ji. Ya kai mu wurin a Via Nicola Zabaglia. In faɗa muku gaskiya kar wani ya je da tsammanin ganin sitadiyam, an rushe katakan tun 1940, wurin ne kawai ya rage da sunan. Roma yanzu a Stadio Olimpico take wasa can arewa, filin da take rabawa da abokiyar gabarta Lazio. Shawara ɗaya, kar ka sa riga mai launin sararin sama, launin Lazio, ka shigo nan ranar wasa, ba wai za a taɓa ka ba, amma za ka sha magana.

Wani abin da ban sani ba sai ranar: Claudio Ranieri, kocin da ya ci gasar Firimiya da Leicester a 2016, wanda kuma a hannunsa Ahmed Musa ya je ƙungiyar a shekarar, ɗan mahauci ne, mahaifinsa a Testaccio yake da shagon nama. Sau uku yana horar da Roma. Da na ambaci Ahmed Musa dattijon ya gane shi, ya yi alamar gudu da yatsunsa biyu.

Da yamma Roma na da wasa a waje, sai muka shiga wani ɗan shagon kofi mai talabijin a bango. Ba wani babban wuri ba ne, kujeru ba su fi ashirin ba, an jera su kamar aji. Akwai masu shan giyarsu, mu muka karɓi kofi da lemo, ba wanda ya damu. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne waɗanda ke wurin, tsoho da jikansa, wata mata da ta haura saba'in da gyalen ƙungiya a wuya wadda ta fi kowa sanin 'yan wasa, mai shagon da ke zuba kofi idonsa na kan allo bai taɓa zubarwa ba. Unguwar da ta wuni shiru, da Roma ta zura ƙwallo sai na ji ihu ta tagogin benaye gaba ɗaya lokaci guda, daje Roma, daje, wato kamar a ce gaba dai Roma, wani na buga tukunya a sama, matar nan ta rungume jikan mutumin da ba ta ma sani ba. Minti biyu aka koma shiru kowa ya dafe ƙirji. Kofin gasar Serie A ta Italiya uku kacal ƙungiyar nan take da shi, 1942 da 1983 da 2001, sai kofin Turai na Conference da Mourinho ya ciyo musu a 2022, wato ba don yawan nasara suke son ta ba. Na kalli ƙwallo a wurare da yawa amma ban taɓa ganin inda ƙungiya ta zama kamar 'yar gida haka ba.

Abu ɗaya ne ya ɓata min rai a ranar, shi ma da daddare. Bayan wasa dattijon ya tafi gida, ni da Yaya muka shiga wani gidan abinci, ba zan faɗi sunansa ba. Na nuna wata taliya mai ganye a takardar abinci na tambayi yaron da ke hidima ko akwai nama, ya ce babu. Da aka kawo sai ga 'yan gutsattsarin abu soyayye a ciki, Yaya na gani ya riƙe min hannu ya ce kar ka ci, guanciale ne. Da muka yi magana yaron ya ce ai wannan ba nama ba ne, ɗan ɗanɗano ne kawai. Ban ga alamar mugunta a tare da shi ba, a tunaninsa nama shi ne tsoka a faranti, amma da ban zo da wanda ya sani ba fa? Sun canza min da cacio e pepe, taliya da cukun tumaki da masoro kawai, ta kuma yi daɗi sosai, miyar ta kama kowane sili, masoron na ratsa hanci. Sai dai da lissafi ya zo na ga sun sa kuɗin burodin da ba mu nema ba, su suka ajiye shi a tebur. Ba yawa ba ne amma ban ji daɗi ba. Shi ya sa na ce a kira abin da sunansa, kar ka ce akwai nama, ka ce akwai guanciale, akwai pancetta, akwai vino.

Kuma shirun da na yaba na rana ne da cikin unguwa. Titin da ya kewaye tudun nan da daddare, musamman ƙarshen mako, gidajen rawa ne ke buɗewa, kiɗa da matasa har tsakar dare. Mai neman masauki a Testaccio ya nemi na ɓangaren dandali ko kusa da kogi, kar ya kama ɗaki a gindin tudu.

Akwai sanannun wurare da ban shiga ba, irin su Checchino dal 1887 da ke fuskantar kwatar, da Felice da ake yabon cacio e pepe ɗinsu, da Trapizzino inda ake cusa miya a cikin burodin fiza mai kusurwa uku. Na wuce ta gabansu, na ga mutane, amma abin da ban ci ba ba zan yaba ko in kushe ba. Kasuwar dai in ana ba da maki goma zan ba ta tara, ɗayan na riƙe shi saboda wurin zama.

Dattijon ya yi ƙorafin cewa haya na ta tashi, gidajen da ma'aikata ke ciki ana mai da su masaukin baƙi na kwana biyu uku, 'ya'yan unguwa na komawa bayan gari. Na ji nauyin maganar don ni ma baƙon ne. Abin da na iya yi shi ne na sayi abina a hannun masu rumfa, na gaishe su, ban tsaya ina ɗaukar tsofaffi hoto kamar kayan kallo ba.

Ranar Litinin kafin in wuce filin jirgi na sake komawa ni kaɗai, da sassafe, ana ta sauke akwatunan ganye. Matar mai fiza ta gane ni, tun kafin in buɗe baki ta ɗaga kwalbar man zaitun ɗin nan tana dariya, ta ɗauki almakashi ta ɗora a kan mai tumatir tana kallona in nuna mata iya inda za ta yanka. Na matsar da hannunta gaba kaɗan.